Babi na Bakwai: Shin Kame Yana Maganin Maye?

Babu gidan giya a cikin ganuwar Zariya. Mutum zai shiga ta Ƙofar Doka ya fita ta Ƙofar Gayan, ya ratsa Babban Dodo da Kwarbai da Unguwar Juma da Limancin Kona, ya ga zaurukan karatu da makarantun allo da rumfunan masu ɗinkin manyan riguna, amma ba zai ga inda aka jera kujeru ana sayar da barasa a fili ba. Birnin malamai ne, kuma mutanensa suna alfahari da hakan. Duk da haka, da wuya a yi taron masu unguwanni ko na iyayen yara a tashi ba a ambaci shaye-shayen matasa ba. Uwa na kukan ɗanta ya daina cin abinci, ya koma barcin rana da yawon dare. Fasinja na kukan ɗan acaɓan da ya ɗauko shi, ido jawur, yana ratsa lungu da gudun da ko a babban titi ya yi yawa.

In kukan ya yi yawa, amsar hukuma takan zama guda: samame. A tare hanya, a dira a matattara, a cika mota da samari, a jera su gaban 'yan jarida. Jama'a su yi ta sa albarka, unguwa ta yi tsit na mako biyu, sannan a ga fuskokin jiya sun dawo wurin jiya. Tambayar wannan babi ita ce ko kuɗi da ƙarfin da ake zubawa a irin wannan kame suna biya. Amsata ita ce suna biya, amma a wuri biyu kawai: a kan titi, inda mai maye ke riƙe da rayukan wasu, da kuma a kan mai sayarwa. Ko a nan ɗin ma, sai in aikin ya zama na kullum. Kwashe yaran da ke sha a tara a ofis, ba tare da an tanadi inda za a yi musu magani ba, ɓarnar dukiya ce da ta rayuka.

Yadda giya ta tsaya a bayan ganuwa

Hana giya a birnin Zazzau ya girmi ɗan sanda. Tun da Malam Musa ya karɓi sarautar Zazzau a farkon ƙarni na 19, bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shari'ar Musulunci ta riƙa aiki a birni, alƙalai na hukunci, dogarai na zartarwa. Da Turawa suka zo sai suka ɗora nasu hanin a kai. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Burasel cewa ba za a kai barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba ta riga ta zama kasuwa ba, kuma Ingila ta sa Arewacin Nijeriya cikin yankin da aka hana.

Hanin bai daɗe ba ya sami ƙofofi. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ya kafu domin ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu, Turawa kuma suna Bariki da izinin shan tasu. Giya ta biyo dogo, wata da lasisi, wata ta fasa-ƙwauri. Burukutu kuwa bai taɓa daina dahuwa a ƙauyukan da ba na Musulmi ba. Kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya riƙe hukunci a kan Musulmin da ya sha giya. A Nuwamba 2001, zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi, Jihar Kaduna ta fara aiki da tsarin kotunan shari'a a yankunan da Musulmi suka fi yawa, aka bar sauran yankuna da nasu tsarin.

Abu biyu wannan tarihi ke koyarwa. Na farko, abin da ya tsare cikin birni idon jama'a ne. A unguwar da kowa ya san ɗan gidan wane da jikan wane, ba a buɗe gidan giya, ko da babu ɗan sanda ko ɗaya. Doka ta yi ƙarfi a nan saboda mutane sun riga ta yarda. Na biyu, mai buƙata bai daina ba, tafiya ce ta ƙarar masa. Sai ya hau mota ko babur ya fita bayan ganuwa, ya sha a inda ba a san shi ba, ya tuƙo kansa gida da tsakar dare. Ganuwa ta kare unguwa daga kwalba, amma ta tura mai maye kan titin da kowa ke bi.

Mayen da ba ya wari

Wanda ke neman kwalbar giya a hannun yaron birni a yau ya makara. Abin da ya shigo ya shigo ne ta aljihu: tiramol, maganin tari mai kodin, rochi, baliyam, tabar wiwi, sholisho. Ba su da warin da uwa za ta ji a bakin ƙofa, ba su buƙatar gida mai kujeru, kuma da yawansu a kanti ake saye da sunan magani. Akwai ma yaran da suka ɗauka cewa tunda ba giya ba ce, laifin bai kai ba, alhali hukuncin addini a kan duk abin da ke gusar da hankali yake.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna girman abin. Mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye a shekarar da aka duba, ban da giya da taba sigari. Miliyan 10.6 wiwi suka sha, miliyan 4.6 ƙwayoyin kashe zafi irin su tiramol, miliyan 2.4 kuma maganin tari. A Arewa maso Yamma an ƙiyasta mutum miliyan 3, a Jihar Kaduna kaɗai sama da 400,000. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce, kuma da yawa daga matan ba a matattara suke sha ba, a ɗaki ne, inda samame ba ya isa.

Gwamnati ta gwada toshe hanyoyin kayan. A ƙarshen Afrilu 2018 sashen binciken BBC ya fitar da shirin da ya fallasa yadda ake karkatar da maganin tari mai kodin daga kamfanoni zuwa kasuwar bayan fage, washegari Ministan Lafiya Isaac Adewole ya hana yin sa da shigo da shi. A wannan shekarar Indiya, inda mafi yawan tiramol ke fitowa, ta tsaurara dokar fitar da shi. Kayan sun yi tsada, sun yi wuyar samu, kuma wannan nasara ce. Amma kasuwa ta sauya kaya. A Fabrairu 2025 BBC ta sake nuna yadda wani kamfanin Indiya ke haɗa wasu ƙwayoyi biyu masu haɗari yana turo su Afirka ta Yamma a madadin tiramol, sai da Indiya ta hana wannan haɗin shi ma. Muddin akwai mai saye, wani zai nemo abin da zai sayar masa. Saboda haka duk wanda ya ce kame kaɗai zai kawar da shaye-shaye ya yi alkawarin da ba zai iya cikawa ba. Tambayar da ta fi amfani ita ce wace cuta kame zai iya ragewa.

A kan titi: abin da wasu ƙasashe suka gano

A nan ne hujjar kame ta fi ƙarfi, domin mai tuƙi cikin maye ba kansa kaɗai yake cuta ba. Wanda ya sha ya kwanta a ɗakinsa, tsakaninsa da Ubangijinsa ne da iyalinsa. Wanda ya sha ya kama sitiyarin bas mai mutum goma sha takwas ya shiga haƙƙin kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Nijeriya ta rubuta mutuwar sama da mutum 5,000 a 2023, haka ma a 2024, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ya ninka wannan sau da yawa, domin ba kowace gawa ake kai rahotonta ba.

Ingila ta ba da darasi na farko. A 1967 Ministar Sufuri Barbara Castle ta kawo dokar da ta ƙayyade yawan barasar da za a samu a jinin direba, aka raba wa 'yan sanda na'urar da ake hurawa. Mace-mace suka ragu nan take, musamman a daren ƙarshen mako. Bayan 'yan shekaru sai raguwar ta fara zagwanyewa. Masanin nan H. Laurence Ross, da ya bi diddigin alƙaluman, ya gano dalili: da farko direbobi sun ɗauka za a kama su, daga baya suka fahimci da wuya a tsayar da su, sai suka koma halinsu.

Ostireliya ta gyara wannan kuskure. Jihar Biktoriya ta fara tsayar da direbobi ba zaɓe a 1976. A Disamba 1982 jihar da birnin Sidni yake ta ɗauki abin da gaske: gwaji kusan miliyan ɗaya a shekarar farko, a fili, a kowace rana, tare da sanarwa a rediyo da talabijin. Duk wanda aka tsayar sai ya hura, attajiri ne ko lebura. Mace-mace suka ragu, kuma a wannan karo ba su dawo yadda suke ba. Da masu binciken hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka tattara nazarce-nazarcen ƙasashe daban-daban a farkon shekarun 2000, sun sami cewa shingen gwaji na rage haɗurran da ke da nasaba da giya da kusan kashi 20 cikin 100.

Abin lura shi ne amfanin shingen ba ya cikin yawan waɗanda aka kama. Yana cikin yawan waɗanda suka fasa sha, ko suka ba wani makulli, saboda sun san za su iya cin karo da gwaji. Tun 1764 masanin shari'a ɗan Italiya Cesare Beccaria ya kawo hujjar cewa tabbacin hukunci ya fi tsananinsa hana laifi. Hukunci mai sauƙi da ba ya kuskure mutum ya fi mai tsanani da ake sha da ƙyar sau ɗaya a shekara.

Abin da hanyoyin Zariya ke buƙata

Zariya mahaɗa ce. Hanyar Kaduna zuwa Kano ta ratsa ta, ga ta Funtuwa da Gusau da Sakkwato, ga ta Jos ta Pambeguwa. Tireloli da tankoki da motocin shanu suna bi ta Ɗanmagaji da Kwangila dare da rana, suna haɗuwa da 'yan acaɓa da masu Keke Napep da yaran makaranta. Gyaran da aka yi wa tagwayen hanyar ya rage ramuka, amma ya ƙara wa mai gudu dama. In akwai garin da gwajin direbobi zai biya kuɗinsa, wannan ne.

Dokar tana nan. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma ƙa'idar da take aiki da ita ita ce kada barasar jinin direba ta wuce giram 0.05 a kowace mililita 100. Jihar Kaduna ma tana da tata hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa, KASTLEA. Abin da ya rage gyara abu huɗu ne.

Na farko, lokaci. Sintirin da ya fi ƙarfi yakan zo ne a watannin ƙarshen shekara da lokutan Sallah. Yana da kyau, amma direba ya san kalandar kamar yadda jami'i ya san ta. Gwajin da za a yi sa'a biyu kowane dare, a wurin da ke sauyawa, ya fi na mako guda da ake shelanta ranar ƙarewarsa.

Na biyu, kayan aiki. Na'urar hurawa giya kawai take ganewa. Direban da ya haɗiyi tiramol mai lamba 225, alhali wanda aka yarda a sayar a Nijeriya bai wuce mai 100 ba, zai hura ta nuna masa lafiya lau. Ana da na'urar gwajin yawu, wadda Jihar Biktoriya ta fara amfani da ita a bakin hanya a 2004, amma tana da tsada kuma ba kowace ƙwaya take kamawa ba. Kafin a wadata da ita, ana iya horar da jami'ai su gane alamun maye a ido da magana da tafiya, sannan asibiti ya tabbatar. Zariya na da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Garin da ke da waɗannan biyu bai kamata ya rasa mai koyar da wannan aiki ba.

Na uku, amana. Shingen da ake wucewa da “Yallaɓai, ga na ruwa” ya fi rashin shinge muni, domin yana koya wa direba cewa doka tana da farashi. An daɗe tarar tuƙi cikin maye tana Naira 5,000, kuɗin da bai kai na lita goma na fetur ba. Hukuncin da direba zai ji a jikinsa shi ne a sauke shi daga mota a take, a riƙe lasisinsa, a rubuta sunansa inda ba za a goge ba. Kuma a yi wa mai babbar mota mai baƙin gilashi abin da aka yi wa ɗan acaɓa. Ranar da talaka ya ga an ɗaga wa wani hannu ya wuce, ranar shingen ya mutu.

Na huɗu, a duba abin da ke sa direba sha. Da yawansu ba nishaɗi suke nema ba. In ka tambaya za ka ji amsa iri ɗaya: “Don ƙarfin aiki ne.” Mai Keke yana da balas da zai kai wa mai abin hawa kafin ya ci nasa. Direban tirela ya taso daga Legas, maigida na kiran waya, barci na fizgarsa. In an gwada shi a hanya aka bar wanda ya ɗora masa tafiyar kwana biyu ba hutu, an hukunta rabin laifin ne. Gwajin da ya fi sauƙi da arha a tasha yake, kafin mota ta tashi, da hannun shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da 'yan kamasho, waɗanda sun fi kowane jami'i sanin wanda ke sha da mai shayin da ke jefa ƙwaya a kofi.

Yaro ko mai sayarwa?

In aka zo kan yara, lissafin ya sauya. Samamen matattara yakan kwaso waɗanda suka fi rauni: ɗan shekara goma sha biyar da ya bar makaranta, almajirin da ba mai neman sa, yaron shago. Wanda iyayensa ke da hali ya fito kafin magariba. Wanda ba shi da kowa ya kwana da manyan masu laifi, ya fito ya san dillalan da bai sani ba a da, ga tambarin “ɗan ƙwaya” da zai bi shi wurin neman aiki da neman aure. Shi kuwa mai kayan yana nan, washegari ya sami sababbin masu saye. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Addini ma ya riga mu faɗa: a hadisin da aka la'anci mutum goma a kan giya, mai sha ɗaya ne daga ciki, cikin sauran akwai masu tatsa da masu dako da masu sayarwa da masu cin kuɗinta.

Amurka, wadda ta gwada hana giya baki ɗaya daga 1920 zuwa 1933 ta kasa, ta sami nasara da ta koma kan shekarun mai saye. A 1984 ta matsa wa jihohinta su mayar da shekarun sayen giya 21, mutuwar matasa a hanya ta ragu. Hanyar da ta fi aiki wajen tsare dokar ita ce a tura matashi ya gwada saye, in mai kanti ya sayar ba tare da duba shekaru ba, a ci shi tara ko a ƙwace lasisinsa. A nan ma an ga abin da aka gani a titi: in aka daina zuwa dubawa, bayan 'yan watanni masu kanti sukan koma yadda suke.

A wurinmu wannan na nufin kemis da mai tallan magani a faranti da babban dila. Aiki ne na Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna da hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, wadda aka kafa a 1989. Sun nuna za su iya. A Fabrairu 2024 aka rufe shagunan magani na kasuwar Sabon Garin Kano, aka tilasta masu sari su koma cibiyar Dangwauro da ke kan hanyar Zariya, inda za a iya bin sawun kowane kwali. A wannan watan NAFDAC ta fara aiwatar da hanin barasar leda da ta ƙananan kwalabe, bisa yarjejeniyar 2018 da ta ba kamfanoni shekara biyar su daina. Hujjar hukumar a fili take: leda ce yaro ke iya saye da kuɗin tara ya ɓoye a aljihun wandon makaranta, ita ce kuma ake rataye wa direbobi a tasha. Kamfanoni da 'yan majalisa suka yi ca, aka ɗage wa'adin zuwa ƙarshen 2025. Wannan ja-in-ja ya nuna inda wahalar take: kama yaro ba ya jawo wa kowa fushin manya, taɓa mai jari kuwa yana jawowa.

Hukumar Hisbah ta Kano ta farfasa kwalaben giya 240,000 a Nuwamba 2013, ta farfasa kusan miliyan 4 a Fabrairu 2022. Dokar jiharta take zartarwa. Amma yawan kwalaben da aka fasa yana nuna ƙoƙarin hukuma ne kawai. Bai gaya mana ko yaran da suka fara sha a bana sun fi na bara kaɗan ba, kuma wannan ne ma'aunin da uwa ta damu da shi.

Bayan kame, sai ina?

Wanda jikinsa ya saba da tiramol ko kodin ba ya dainawa da mari. In ya rasa, gumi da ciwon gaɓoɓi da rashin barci za su kama shi, tiramol mai yawa kuma yana jawo farfaɗiya. Mara lafiya ne mai buƙatar likita. Binciken 2019 ɗin nan ya sami cewa kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda shansu ya yi tsanani suna son magani amma ba su samu ba, saboda tsada da ƙarancin wurare da jin kunya.

Inda asibiti ya gaza, iyaye sukan nemi mafita ko ta halin ƙaƙa. A Satumba 2019 'yan sanda suka fito da sama da mutum 300 daga wani gidan mari a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa. A Oktoba aka buɗe wasu a Daura da Katsina, aka kuma fito da mutum 11 daga wani a nan Zariya. Da yawa daga cikinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, don ba su ga wata ƙofa ba. Rufe waɗannan gidaje wajibi ne. Amma uwar da ta je gaban mai unguwa ta ce, “Ranka ya daɗe, yaron nan ya fi ƙarfina,” tana buƙatar a nuna mata inda za ta kai shi. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa da sashen da ke Shika ba za su ɗauki jiha guda ba. Sai an sami masu ba da shawara da magani a ƙananan asibitocin unguwa, inda mace za ta iya shiga ba tare da an nuna ta da baki ba.

Ƙasar Aisland ta nuna abin da ake samu in aka riga maye isa wurin yaro. A 1998, kashi 42 cikin 100 na 'yan shekara 15 da 16 sun ce sun bugu a watan da ya gabata. A 2016 adadin ya koma kashi 5. Sun sa dokar hana yara yawon dare, iyaye suka riƙa zagaya unguwa, gwamnati ta biya kuɗin wasanni da koyon sana'o'in hannu da kiɗa bayan makaranta, kuma duk shekara ana tambayar yaran a ga ko abin na aiki. Ƙasar ƙarama ce mai arziki, amma ginshiƙin tsarin, wato manya su san inda yaro yake da abin da yake yi, birnin Zazzau ya fi ta shi. Akwai masu unguwanni da dagatai da hakimai har zuwa fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli. Akwai makarantun dare, da zaurukan ɗinki da saƙa inda yaro ke koyon sana'a a gaban babba. Naira ɗaya da aka kashe wajen raya waɗannan ta fi goma da aka kashe a man motar samame.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurin Musulmi. Haramcin giya bai sauka rana ɗaya ba, a mataki-mataki ya zo, daga Suratul Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida, kuma Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta bayyana cewa da hanin ne ya fara sauka kafin imani ya zauna a zukata, da mutane ba su bari ba. An kuma ruwaito wani sahabi da aka sha kawowa ana hukunta shi a kan sha, da wani ya tsine masa sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An yi hukunci, amma ba a yar da mutumin ba.

Ma'aunin da ya kamata mu riƙe

Saboda haka in an ce za a ƙaddamar da sabon samame, mutanen Zariya suna da haƙƙin yin tambaya huɗu. Wa ake nema, mai sha ko mai sayarwa? Aikin zai kai wata nawa? Da me za a tabbatar mutum yana cikin maye, da na'ura da likita ko da kallon fuska da irin askinsa? Wanda aka kama yana buƙatar magani, ina za a kai shi? Samamen da ya amsa waɗannan ya cancanci goyon bayan kowa, har da kai rahoton kantin da ke sayar wa yara, ko da na ɗan unguwa ne. Wanda bai amsa ba, kuɗin jama'a ne za a ƙona.

Bayan shekara kuma, kada mu gamsu da hoton samari a tsugune. Mu nemi hukuma ta faɗa mana gawa nawa aka ɗauko daga hanyar Kano da ta Funtuwa a bana in an kwatanta da bara, shago nawa aka ƙwace wa lasisi bai sake buɗewa ba, da yaro nawa ya gama magani ya koma aji ko wurin sana'a. Waɗannan alƙaluma suna hannun asibitoci da 'yan kiyaye haɗurra da makarantu, tattara su kawai ya rage. Babi na gaba zai shiga tasha da garejin manyan motoci, domin ganin yadda tsarin balas da tafiyar dare ke tura direba ga ƙwaya, da abin da masu motoci za su iya sauyawa.